Keke na Ƙarshe da na Ƙera wa Malam Garba

Tun ranar da aka turo ku koyon aiki nake jin kuna cewa keken guragu ba wani abu ba ne, wai taya uku ne da fayif da kaca, duk wanda ya iya haɗa ƙofar gida zai gama shi kafin la'asar. Ban yi muku musu ba. Amma ku sani, ƙofa idan ta karkace, mai gida tsaki zai yi ya tura ta da ƙafa ya wuce. Keke idan ya karkace, kafaɗar mutum ce za ta biya, kuma mutumin nan kafaɗar ita ce ƙafarsa. Ku matso da bencin, ku zauna.

Ni Bala, shan inna ta taɓa mini ƙafar hagu tun ina ƙarami, shi ya sa kuke ganina da sanda. Mahaifina ya ga noma ba zai yiwu mini ba, sai ya kawo ni nan Chikaji wurin Baba Yakubu, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna wanda ya yi walda a wurin gyaran jirgin ƙasa har ya ajiye aiki. Na daɗe a hannunsa ban taɓa sandar walda ba. Zarto da magagari su ne abokaina. In yanka fayif, in goge baki, ya ɗauka ya duba da ido ɗaya, ya jefar ya ce in sake.

Keke na farko da ya bari na haɗa da hannuna na wani mai sayar da goro ne a kasuwar Sabon Gari. Na shafa masa fenti kore, na tsaya gefe ina jiran yabo. Baba Yakubu bai ko kalli fentin ba. Ya ce in hau, ya sa aka ɗora buhun siminti a bayana, ya ce in je bakin kasuwa in dawo. Tun kafin in fita layi na ji keken yana ja hagu. Ina tuƙi ina danne shi da hannun dama, ko da na dawo hannun kamar ba a jikina yake ba. Ya ce, "Kai sau ɗaya ka je ka dawo. Shi kullum zai je, har ya tsufa." Ya miƙo mini zarto, na yanke waldar da kaina.

Daga wurinsa na koyi cewa ba a fara aiki da tef. Idan mutum ya zo, ka ba shi wuri, ka ba shi ruwa, ka lura da yadda yake hawa benci. Wani da hannu biyu yake ɗaga jikinsa, wani da gwiwa yake fara dafawa, wani bayansa ya lanƙwashe gefe guda. Ka tambaye shi ina yake zuwa kullum, hanyarsu yashi ce ko kwalta, akwai hawa ko babu, faɗin ƙofar gidansu nawa. Sai ka gama wannan kafin ka ɗauko tef. Kayan aikin kuwa ba su da yawa: injin walda, zarto, guduma, sifana, filaya, da gilashin kare ido wanda kuke ƙin sawa. Ku dubi idona yadda yake zubar da ruwa, za ku san dalilin da nake muku faɗa.

Masu sayen keke iri-iri ne. Matashi gudu yake so, da ƙararrawa, da rubutu a bayan kujera. Ɗan kasuwa akwati yake so a ƙarƙashi. Mace takan ce a faɗaɗa wurin ajiye ƙafa saboda zane. Amma wanda nake son ba ku labarinsa shi ne Malam Garba mai gyaran agogo da rediyo a Samaru.

Keken da na fara ƙera masa, lokacin na buɗe nawa shagon, ya ce in sa masa farantin kaca mafi girma da ke kasuwa. Faranti shi ne ƙarfen nan mai haƙora da ke jikin feda. Idan babba ne keke yana gudu, amma yana cin ƙarfi. Malam Garba kuwa ƙarfi ba abin da ya rasa ba ne. Ƙafafunsa duka biyu sun shanye tun yana jariri, amma ƙirjinsa kamar na ɗan dambe. Daga Samaru yake tuƙo kekensa har nan. Kuma ba a suna ko ɗaurin aure ko jana'iza a unguwarsu ba ka ga kekensa a ƙofar gidan ba. Idan maƙwabta suka saɓa kan iyakar fili, shi ake kira. Yana cikin dattawan ƙungiyar unguwa, kuma bai iya shiru a taro ba. Yakan ce, "An ce zumunta a ƙafa take. To, tawa a kafaɗa take."

A wancan lokacin, ranar Asabar da yamma, ƙarƙashin bishiyar darbejiyar nan cike yake da kekuna. Suna zuwa a sa musu giris, a ɗaure kaca, daga nan hira ta ɓarke. Musulmi da Kirista, maza da mata. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, da wanda zai aurar da 'ya, a shirya yadda za a je.

Da aka shiga shekarun dubu biyu sai na lura majalisar tana raguwa. Ba mutuwa ce ta rage ta ba. Mutanen da na ƙera wa keke suna samari sun manyanta, kuma hannun da ya yi aikin ƙafa shekara da shekaru yana da ranar gajiya. Wani kafaɗa, wani wuyan hannu, wani numfashi. Mai zuwa duk mako ya koma wata-wata, daga nan sai ka ji an ce yana gida. Mai ƙafa idan ya tsufa yana dogara sanda ya fito bakin ƙofa. Gurgu idan ya tsufa, ɗaki ne ke cinye shi, mutane kuma su ɗauka hutawa yake yi.

Sai muguwar shekarar ta zo. Taransifomar layinmu ta ƙone ana tsakiyar damina, aka yi ta alkawarin gyara har kaka ta wuce. Mai walda babu wuta, zaman kashe wando kawai yake yi. Kuma shekarar zaɓe ce, masu neman ƙuri'a suka cika gari da kujerun asibiti masu taya, irin waɗanda ake naɗewa, suna rabawa kyauta. Wa zai sayi nawa? Ban ga laifin kowa ba, kujerun suna da ƙyalli. Sai dai an yi su ne don daɓen asibiti. Ƙananan tayoyinsu na gaba ba sa jure ramin hanyarmu, kuma sai an sami mai turawa. Na koma waldar kabait, wadda ba ta buƙatar wutar lantarki, ina liƙe salansar babur da gindin bokiti don a ci abinci. Masu koyon aiki da nake da su duk suka watse.

A cikin wannan hali ne Mama Rahila ta zo. Ita ma gurguwa ce, tana saƙa kayan sanyi na jarirai a Hanwa, tana cikin 'yan majalisar da suka rage. Ba ta kawo gyara ba. Ta ce, "Malam Bala, yaushe rabonka da Malam Garba?"

Na ce an kwana biyu.

Ta ce, "Limamin masallacinsu ya rasu, abokinsa na ƙuruciya. Na tura a yi gaisuwa, aka ce mini shi bai je jana'iza ba, bai je zaman makoki ba. Mutumin da ranar da maigidana ya rasu ya zo ya zauna a harabar coci cikin rana har aka tashi? Ka je ka gani. Wannan ba lafiya ba."

Washegari na shiga mota zuwa Samaru. Tun daga bakin layinsu na ga abin da ya faru. An haƙa sabuwar kwata, an gina ta da bulo, mai zurfi da faɗi, ta bi ƙofar kowane gida. A ƙofar Malam Garba katako ɗaya aka gitta. Ni da sandata ma sai da na yi bismilla kafin na taka.

Babban ɗansa Nasiru, malamin firamare, shi ya shigar da ni. A tsakar gida na ga keken da na ƙera, a ƙarƙashin rumfa, tayoyi sun sace, kaji na kwana a kan kujerar. A ƙofar ɗaki ga kujerar asibiti a naɗe, tayar gaba ɗaya ta karye. Malam Garba yana zaune a tabarma, rediyo a gefensa. Ya rame, ƙirjin nan ya zube.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam, majalisa tana cigiya."

Ya ɗaga hannun dama, bai kai daidai kunne ba ya sauke. Ya ce, "Ka gani. Iyakarsa ke nan. In na juya fedar nan sau kaɗan, sai in kwana ban yi barci ba."

Nasiru ya ce, "Baba Bala, likita ya ce ya rage wahalar da kafaɗar. Mu kuma ba mu gaza ba. Duk inda ake sha'ani muna zuwa a madadinsa. Ya yi nasa, yanzu lokacin hutunsa ne."

Yaron kirki ne, kuma da gaskiyarsa. Malam Garba bai kalle shi ba, ni ya kalla. Ya ce, "Bala, ranar da aka ɗauko Liman, ta ƙofar nan aka wuce da shi. Ina jin takun mutane. Na ja jiki har zaure, na tarar da katako. Yaran duk suna wurin jana'iza, babu mai ɗaga ni. A nan na zauna har takun ya ɓace."

Ya ƙara da cewa, "Kwatar nan a taron unguwa aka yanke ta. Aiki ne mai kyau, ruwa yana cin gidaje. Amma da ina wurin, da na ce a bar mashiga. Ba mugunta suka yi ba. Ba su gan ni ba ne, sai suka manta."

Na ce a fito mini da tsohon keken. Na sa Nasiru ya ɗora shi a kai, na ce ya riƙe feda kada ya juya, ya nuna mini daidai inda zafin yake farawa. Na ga matsalar. Fedar tana sama daidai haɓarsa, yadda ya so ta yana da ƙarfi, kuma hannuwanta dogaye ne, kowane juyi sai kafaɗa ta buɗe gaba ɗaya. Na ce, "Malam, zan yi maka wani. Amma ba zai yi gudu ba."

Ya ce, "Ina zan je da gudu yanzu?"

Aikin nan shi ne mafi wuya da na yi, don ban taɓa ƙera keke don tsoho ba, kuma babu wanda zan tambaya, Baba Yakubu ya riga mu gidan gaskiya. Kaya ma babu. Da 'yan majalisa suka ji, kowa ya kawo abin da yake da shi. Mama Rahila ta kawo wili biyu na tsohon kekenta. Mai goron nan, wanda shi ma ya tsufa, ya aiko da boris sabo a takardarsa. Na nemo fayif marar nauyi, na yanka komai da zarto a nan, na jera, na sa alama da alli. Sai in ɗauka in kai wani gareji da ke da janareta, in jira su gama nasu aikin, su ba ni ɗan lokaci in ɗiga walda.

Na sauko da feda zuwa daidai ƙirji, na matso da ita kusa da jiki. Maimakon babban faranti na sa ƙarami, irin na keken yara, yadda juyi zai yi yawa amma babu nauyi. Na yi wa kujera majingina doguwa, na yi ƙasa da ita don ya iya hawa ba sai an ɗaga shi ba. Birki na mayar da shi hannun hagu, wanda ya fi lafiya. Na ɗora a akori-kura na kai Samaru.

Bai yi ba. Ya zagaya tsakar gida sau biyu, na ga ya cije leɓe. Na dawo da keken, na yanke hannuwan feda na rage tsawonsu, na sake kaiwa. Wannan karon kafaɗa ta yi shiru amma gwiwar hannunsa tana bugun majingina. Na sake dawowa da shi. Nasiru ya ce, "Baba Bala, wahalar nan ta yi yawa, ga halin da ake ciki." Na ce masa haka aikin yake. A zuwa na gaba Malam Garba ya hau da kansa, ya zagaya, ya sake zagayawa, ya kuma zagayawa. Ya tsaya ya ce, "Kai Bala, wannan ai hawainiya ka ƙera mini."

Na ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Malam."

Ya yi dariya, ita ce ta farko da na ji tun da na fara zuwa gidan.

Saura kwata. Na haɗa mata gada da ƙarfe mai kusurwa da guntayen rodi, na yi mata baki a gefe da gefe don kada taya ta zame. Ni da Nasiru muka kafa ta, muka danne da siminti. Ranar da ta bushe, Malam Garba ya sa farar riga da hula, ya fito. Na ɗauka masallaci zai nufa ko tsohon shagonsa. Sai ya juya kan keke zuwa gidan marigayi Liman. Muka bi shi a baya, ni da sandata ina iya jerawa da shi. Mutane suna fitowa daga shaguna, "A'a, Malam Garba! Ashe kana nan?" Yana amsawa, "Ina nan. Da ma ina nan."

A ƙofar gidan ya yi sallama, babban ɗan Liman ya fito. Wata da watanni sun wuce da rasuwar, an daɗe da share makoki. Malam Garba ya kama hannunsa ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Na makara, ɗana. An zo a madadina, na sani. Amma gaisuwar mahaifinka ba ta aike ba ce." Mutumin ya durƙusa a gefen keken. Aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka taru, aka yi addu'a kamar ranar aka yi rasuwar.

Taron unguwa na gaba na je da kaina, don ya ce in zo ko za a tambayi yadda ake gadar. A filin makarantar firamare aka yi, bayan la'asar. Da ya nemi magana, shugaban ƙungiya ya ce, "Malam, mun ji daɗin ganinka, kuma mun ga an yi maka mashiga. Sai dai abin da aka tara ya ƙare a kwatar."

Malam Garba ya ce, "Ba don kaina na zo ba, tawa ta samu. Kwatar nan ta raba unguwa biyu, masu tsallakawa da masu leƙe. Akwai makaho a bayan masallaci da ya daina zuwa jam'i. Akwai tsohuwar da ke layin coci, tun da aka haƙa ba ta fita ba. Akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da ɗaukarsa ake yi zuwa kemis. Duk ba sa nan, shi ya sa ba ku ji su ba. Ku kuma da kuke tsallakawa yau, Allah Ya ba ku tsawon rai, za ku zo ku same mu."

Aka yi ta ja-in-ja har kusan magariba. Ba duk abin da ya nema aka yi ba. An zuba silab a ƙofar masallaci, da bakin layin coci, da gaban kemis. Sauran gidajen, har na daina zuwa unguwar, katako ne a ƙofarsu. Amma daga ranar, idan za a yi wani aiki, sai an aika a tambayi waɗanda ba sa iya fitowa.

Wuta ta dawo, kujerun kyauta suka kakkarye, aiki ya dawo mini. Kuma yawancin masu zuwa tsofaffin abokan cinikina ne, kowa yana cewa a yi masa irin na Malam Garba. Majalisa ta ɗan farfaɗo, ko da yake shi bai ƙara iya zuwa Chikaji ba. Duniyarsa ta tsaya a Samaru, amma a Samaru babu inda ba ya zuwa.

Bayan 'yan shekaru Nasiru ya zo ya ce hannun hagun ma ya fara. Ya ce ko zan sa wa keken mariƙi a baya don a riƙa tura shi, amma yana tsoron faɗa masa. Na je na faɗa masa da kaina. Ya daɗe yana kallon keken, sannan ya ce, "Sa. Amma kada ka taɓa kan keken. A tura ni, ni zan juya."

Na lanƙwasa fayif, na liƙa a bayan kujera, na naɗe shi da roba. Na cire kaca don feda ta daina wahalar da shi, na bar masa ita a matsayin abin juya kai, da birkinsa.

Ganina na ƙarshe da shi, na je Samaru sunan jikar wani abokinmu. Ina tsaye a bakin titi sai ga su, Nasiru yana turawa, Malam Garba ya riƙe kai da hannu biyu. Gidan sunan yana nan kusa ta hannun dama. Da suka zo mararraba sai na ga keken ya karkata hagu, wajen kasuwa.

Nasiru ya ce, "Baba, ba nan ba ne. Za mu makara."

Ya ce, "Na sani. Akwai mai nama a kasuwa da ya yi jinya, ban duba shi ba. Tura."

Nasiru ya kalle ni, ya girgiza kai, ya tura. Na tsaya ina kallonsu suna shiga cikin mutane, ana ta miƙo masa hannu daga rumfuna. Sai da aka kusa watsewa suka iso wurin sunan.

Da damina ta kama a shekarar, Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baba Yakubu da duk waɗanda suka rigaye mu.